Littafin Kausani da Ya Yi Shekara a Jamus

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya sanya saɓanin harsunan bayinsa cikin ayoyinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, dalilin wannan rubutu shi ne wasu ɗaliban jami'ar garin nan namu na Wudil da suke zuwa zaurena ranar Asabar da hantsi, ina duba musu Jamusancin da suke koyo don neman ƙaro karatu a waje. Makon jiya ɗaya daga cikinsu, Nazifi, mai karatun injiniya, ya ɗaga wayarsa ya ce, "Baba Malam, Allah ya gafarta, ai sana'arku ta tafinta ta mutu. Yanzu magana kawai za ka yi wa wannan ta juya maka." Sauran suka yi dariya, ni ma na taya su. Na ce musu zan ba su amsa a rubuce, domin abin da aka faɗa a zaure yakan tashi tare da masu zaman.

Sunana Yahuza. A zauren mahaifina na yi karatun allo, a nan kuma na sauke littattafan fiƙihu da nahawu da luga kafin in shiga makarantar horon malamai. Daga can Allah ya kai ni wata jami'a a kudancin ƙasar nan don karatun Larabci. Ƙa'idarsu ita ce kowane ɗalibi ya haɗa babban darasinsa da wani ƙarami a gefe. Abokaina suka watsu, wasu tarihi, wasu Faransanci. Ni kuwa wani malaminmu ya nuna mini jerin manyan littattafai a ɗakin karatu, waɗanda Jamusawa suka rubuta a kan nahawun Larabci da tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ya ce babu mai buɗe su saboda babu mai jin yaren. Abin ya tsaya mini a rai. Na je na rubuta sunana a ajin Jamusanci.

Da na zo hutu na gaya wa mahaifina, sai ya ce, "Turancin da ka sha bai ishe ka ba, sai ka ƙaro na wasu Turawan?" Na yi masa bayanin littattafan. Ya ce, "To. Harshe amana ne. Ka san dai abin da za ka ɗauka da shi."

Mu tara ne a ajin, mu huɗu muka kai ƙarshe. Malamarmu wata dattijuwar Bajamushiya ce, Malama Gizela, wadda take rufe ƙofa da zarar ƙarfe takwas ta buga, ko da kana kan matakala tana ganin ka. Nahawun yaren bai ba ni wuya kamar yadda ya ba sauran ba, domin wanda ya sha bulala a kan rafa'u da nasabu da jarru na nahawun Larabci ba zai firgita don ƙarshen kalma yana canzawa ba. Na fi kowa a ajin, na kuma san na fi kowa, wanda hakan shi ne farkon cutata.

Darasin kashi biyu ne, harshe da al'ada. Ajin al'ada ranar Laraba da la'asar ake yin sa, wani lokaci a gidanta. A can take nuna yadda suke karɓar baƙo, da yadda suke rubuta wasiƙa, da abin da suke ɗauka rashin kunya da wanda ba sa ɗauka. Ni a wurina wannan hira ce ba ilimi ba, don haka sau da yawa nakan tsaya a ɗakin karatu da ƙamus. Wata rana da na je, na iso da yunwa, ta miƙo mini shayi da burodi. Na ce na ƙoshi, kamar yadda duk ɗan mutunci zai ce, ina jiran ta sake tayi. Sai ta ɗauke faranti ta miƙa wa na kusa da ni. Da ta ga yadda nake bin burodin da ido, ta ce, "Yahuza, a wurinmu tayi sau ɗaya ne, amsa ma sau ɗaya. Idan mun ce ɗauka, ɗauka muke nufi. Idan aka ce mana ɗauka, ɗauka muke yi." 'Yan aji suka yi ta dariya. Na mayar da abin labarin ban dariya, na yi ta ba abokai, ban taɓa tsayawa na ɗauke shi karatu ba.

Bayan na gama na dawo gida ina koyar da Larabci a makarantar sakandare. Ban zaci ƙaramin darasin nan zai zama sana'ata ba. Aikina na farko ya zo ne ta hannun wani mai injin niƙa a bakin kasuwa, wanda ya sayo tsohon inji daga Kano, littafin bayaninsa duk da Jamusanci. Kwana uku na yi a gindin injin nan, ƙamus a cinyata, bakanike yana nuna mini ƙarfe yana cewa, "Malam, wannan me suka ce da shi?" Rabin kalmomin babu su a ƙamus ɗina. A nan na fara ajiye littafin kaina, ina rubuta sunan kowane ƙarfe da Jamusanci, a gabansa kuma sunan da makanikan Wudil suke kiran sa. Har yau yana nan, ya cika littafi shida.

Kayan aikina ba su da yawa. Ƙamus biyu, babba na gida da ƙarami na aljihu wanda bangonsa ya cire har na sa baduku ya yi masa riga ta fata. Fensir, domin tawada ba ta yafe kuskure. Tafireta ta Ingilishi wadda ba ta da haruffan Jamusanci masu ɗigo biyu a ka, sai na gama bugawa in bi da alƙalami ina ɗiga su ɗaya bayan ɗaya. Sai agogon hannu, wanda na saya saboda Jamusawa kawai, don ba sa wasa da lokaci.

Daga nan aiki ya buɗe. Na yi wa masu haƙar rijiyar burtsatse tafinta a ƙauyukan Darki da Indabo. Na bi wani Bajamushen likitan dabbobi cikin kasuwar shanu ta Juma'a, yana tambayar Fulani abin da suke ba saniya idan ta kumbura, maganar tana bi ta Jamusanci da Hausa da Fulatanci kafin ta isa. Na rubuta wa 'yan kasuwa wasiƙun neman kayan gyara. A duk wannan ina riƙe da ƙa'ida ɗaya da nake alfahari da ita: ba na ƙari, ba na ragi. Abin da aka faɗa shi nake juyawa. Ina ganin kaina kamar mai ruwayar hadisi, wanda ba ya taɓa lafazin abin da ya karɓo.

Yanzu ga aikin da nake so ku ji.

Wani Bajamushe mai suna Dakta Hartmut, masanin tsofaffin littattafan Larabci na rubutun hannu, ya zo yana zagaya gidajen malamai yana ɗaukar hoton abin da suka yarda ya ɗauka. Yana karanta Larabci sosai, amma idan ya buɗe baki da shi babu mai gane shi, Hausa kuwa ba ya ji. Aka haɗa shi da ni. Mutum ne dogo mai ƙarancin magana, yana wanke hannu kafin ya taɓa takarda, abin da ya sa malamai suka sake da shi.

A mako na uku na kai shi ƙauyen Kausani, gidan Malam Habu, aminin mahaifina tun suna ɗalibai. Saboda mahaifina aka buɗe mana abin da ba a buɗe wa kowa. Bayan gaisuwa, Malam Habu ya sa ƙanensa Malam Ilu ya ɗauko wata tsohuwar gafaka, jakar fata ta ajiye littafi, daga cikin gida. A ciki akwai littafin fiƙihu da kakansu ya kwafa da hannunsa, warƙa-warƙa ba ɗinki, kamar yadda littattafanmu na dā suke. Gefen kowace warƙa cike yake da bayanai, wasu da Larabci wasu da ajami, na kakan da na ɗansa da na Malam Habu kansa. Da wannan littafi ake buɗe karatu a gidan kowace shekara bayan an gama girbi, kuma gadon gidan ne gaba ɗaya, ba na mutum ɗaya ba.

Dakta Hartmut ya kusa awa biyu a kansa. Da ya ɗago, sai ya yi doguwar magana, ya ce ya ga littattafai a ƙasashe da yawa amma bai taɓa ganin wanda mutum uku na gida ɗaya suke zance da juna a gefensa ba, kuma zai tuna da wannan rana har ya mutu. Na juya maganar da Hausa, ta kuwa fito da kyau.

Malam Habu ya yi murmushi ya ce, "Allah sarki. Tunda ya burge shi haka, ai ya ɗauka. Nasa ne."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san wannan magana. Baƙo ya yaba abinka, ka yi masa tayi don kara, shi kuma ya ce Allah ya bar maka, a wuce wurin. Ni ma na san ta kamar sunana. Amma hankalina a lokacin yana kan yadda zan jera jimlar, ina kuma jin daɗin dattawa suna kallon ɗan amininsu yana sarrafa yaren Turawa. Na juya ta kalma da kalma, ban ƙara ba, ban rage ba.

Bajamushen ya miƙe tsaye. Ya tambaye ni, "Da gaske yake?" Na juya tambayar. To, wane dattijo ne za a tambaya a gaban jama'a ko da gaske yake, ya ce a'a? Malam Habu ya ce, "Ƙwarai kuwa." Yana faɗa yana kallo na. Malam Ilu ma yana kallo na. Duk zauren ni ake kallo, ana jira in raɗa wa baƙona abin da ya kamata. Kafin in tattara kaina, Dakta Hartmut ya riƙe hannun Malam Habu da hannu biyu yana godiya, idonsa ya kawo ruwa, ya naɗe gafakar cikin farin ƙyalle ya sa a jaka. Na ga dakatar da shi a wannan gaɓa zai kunyata shi, ya kunyata mai gida, ya kuma nuna ban iya aikina ba. Na ce a raina zan gyara a mota.

A mota na ce masa littafin yana da daraja ƙwarai a wurin mutanen gidan. Ya ce ya sani, shi ya sa kyautar ta girgiza shi. Na ce za su yi kewar sa. Ya ce lalle, mutane ne masu karamci. Na kewaya ta nan, na kewaya ta can, irin kewayen da ko yaron goye na garin nan zai gane inda aka dosa. Shi kuwa yana ta gyaɗa kai. Bayan kwana biyu jirginsa ya tashi.

Wannan ita ce muguwar shekarata. Malam Habu bai ce da ni komai ba, ko a fuska. Malam Ilu ne ya tare ni a bakin gada ranar kasuwa, ya ƙi karɓar hannuna, ya ce, "Malam Yahuza, mu mun ɗauka ɗa muka shigar gida, ashe dillali ne. Yayana Habu ba zai iya janye maganarsa ba, kai ma ka sani. Kai aka ajiye a tsakani don me? Don ado?" Kafin wata ya ƙare, labari ya zaga cewa na haɗa baki da Bature an fitar da littafin Kausani. Zaurukan da nake shiga ba sallama sai aka koma ce mini Malam ba ya nan, alhali ga takalmansa a ƙofa. An gama girbi, ɗalibai suka taru a Kausani, aka buɗe karatu da bugun ɗab'i na kasuwa, wanda babu hannun kowa a gefensa. Mahaifina kuma ya daina zuwa gidan amininsa na shekara hamsin.

Na rubuta wa Dakta Hartmut wasiƙa zuwa Jamus, shafi biyu. Na gaishe shi, na gaida iyalinsa, na tambayi sanyi, na yaba iliminsa. Can ƙasa na ce Malam Habu yana yawan ambaton littafin, ɗalibai kuma suna tambayar sa. Bayan mako shida amsa ta zo. Ya ji daɗi ƙwarai da ake tunawa da littafin, a kwantar da hankali, yana cikin akwati inda babu danshi ba haske. Har ya haɗo da hoton warƙa goma, a kai wa Malam tsaraba.

Na kai wa mahaifina wasiƙar na karanta masa. A nan ya yi mini maganar da bai yi ba tun farkon lamarin. Ya ce, "Kana cewa ba ka ƙari ba ka ragi. Wa ya gaya maka ba ka yi ragi ba? Malamanmu ba su taɓa ba mu magana ba sai sun gaya mana a kan me aka faɗe ta, da wa aka faɗa wa, da abin da aka fahimta da ita a wurin. Habu ya faɗi magana a cikin al'ada, ka ɗauki maganar ka bar al'adar a ƙasa. Rabin saƙo ka kai. Yanzu kuma ka rubuta wa Bature wasiƙar da Bahaushe kaɗai zai gane. Shekarun da ka yi a jami'a, ba a koya maka yadda su suke neman abu ba?"

An koya mini, ranar Laraba da la'asar. Na tono tsohon littafina na ajin al'ada, wanda rabinsa farin shafi ne. A ɗaya daga cikin 'yan ranakun da na halarta, na rubuta daga bakin Malama Gizela cewa abin da kake nema ka sa shi a layin farko, idan kuma laifinka ne ka ce laifinka ne, kada ka sa mai karatu ya nemo.

Wasiƙa ta biyu layi shida ce, amma kwana huɗu na yi ina rubuta ta, domin duk sanda na ɗora alƙalami sai hannuna ya tafi gaisuwa. Na ce: Ina roƙon ka dawo da littafin Kausani. Ba kyauta ba ce. A al'adarmu mai gida yakan yi tayin abin da baƙo ya yaba, baƙo kuma ya ƙi. Na san haka, ban gaya maka ba, a zaure da kuma a mota. Laifin nawa ne, ba naka ba ne, ba na Malam Habu ba ne. Na sa hannu. Na san Jamusawan da ke aiki a ƙasar nan duk sun san juna, kuma tafintan da ya rubuta da hannunsa cewa ya ɓoye wa wanda yake yi wa aiki gaskiya bai kamata ya sa ran wani aiki ba. Na kai ta gidan waya na jefa.

Wata uku babu amsa. Rannan sai ga 'yar takarda, layi biyu: zai iso Wudil ranar kaza, ƙarfe goma na safe, in jira shi a ƙofar gidana.

Goma daidai mota ta tsaya. Bai gaishe ni ba. Ya ce, "Ka mayar da ni ɓarawo wata goma sha ɗaya ban sani ba. Na nuna wa abokan aikina littafin nan ina alfahari. Me ya hana ka faɗa mini a mota da kalma biyar?" Na ce kunya. Ya ce, "Kunyarka ta fi littafinsu?" Sannan ya ce, "Wasiƙarka ta biyu mai kyau ce. Shiga mu tafi. A hanya ka koya mini abin da ya kamata in ce tun farko."

Mun tarar da zauren Kausani cike, har da mahaifina, wanda na aika wa tun da asuba. Dakta Hartmut ya ajiye wani akwatin kwali a gaban Malam Habu ya buɗe. Ga gafakar, ga littafin, an sa siririyar farar takarda tsakanin kowace warƙa da 'yar'uwarta. Malam Ilu ya jawo shi gabansa. Littafin da ba shi da ɗinki ba a gane cikarsa sai ta kalmar da marubuci yake ajiyewa a ƙasan warƙa, wadda ita ce farkon ta gaba. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana lasar yatsa. Da ya kife ta ƙarshe ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya cika."

Sai Malam Habu ya gyara zama ya ce, "Kai, wannan bawan Allah ya wahalar da kansa. Ai kyauta aka ba shi. Gaya masa ya koma da abinsa, nasa ne."

Hannun Malam Ilu ya tsaya cak a kan gafakar. Na juya maganar da Jamusanci yadda aka faɗe ta, sannan na ƙara da murya sosai, ba raɗa ba: "Wannan lafazinsa ke nan. Abin da ake jira daga gare ka shi ne ka ƙi. Zai sake, ka sake ƙi."

Dakta Hartmut ya dafa ƙirji, ya ce da Hausar da ya haddace tsakanin Wudil da Kausani, "Na gode, Malam. Allah ya bar wa gida."

"A'a, ya ɗauka mana."

"Allah ya bar wa gida."

"Ai ba a mayar da kyauta."

"Allah ya bar wa gida, Malam."

Malam Habu ya buɗe baki zai yi ta huɗu, sai Malam Ilu ya rungumi gafakar ya miƙe, ya ce, "Yaya, Allah ya gafarta maka, ya isa haka," ya shige cikin gida da sauri har yana barin takalmi ɗaya. Zauren ya fashe da dariya. Na ga mahaifina yana dariya yana share ido da bakin rawani, Malam Habu ya kama hannunsa ya riƙe.

Aka kawo fura a ƙwarya aka ajiye gaban baƙo. Ya dafa ƙirji ya ce, "Allah ya bar wa gida." Na ce masa, "A'a, Dakta, wannan sha ake yi." Ya dube ni ya ce, "To yaya mutum zai bambance?" Na ce, "Aikina ke nan."

Ban rasa sana'ata ba. Shi da kansa ya riƙa turo mini mutanensu, yana ce musu ga tafintan da idan ya yi kuskure zai faɗa. Na yi shekara talatin ina aikin bayan wannan, kuma tun daga ranar, kafin in shiga kowane zaure da baƙo, sai na tsayar da shi a ƙofa na gaya masa abin da zai tarar, in kuma shiga in gaya wa mai gida irin mutumin da na kawo masa. Malam Ilu ya karɓi hannuna a ranar da aka dawo da littafin, ko da yake har ya rasu bai sake fito da littafin ina wurin ba. Ban ga laifinsa ba.

Jiya Nazifi ya biyo ta nan, na ce ya kawo wayar tasa. Na sa bakina kusa da ita na ce, "Tunda ya burge ka, ɗauka, naka ne." Nan take ta juya da Jamusanci mai tsabta, babu kuskure ko ɗaya. Ya ce, "Ka gani ko, Baba Malam? Daidai ne ko ba daidai ba?" Na ce daidai ne, haka ni ma na fassara ta a Kausani.

Littafin yana nan a gidansu, jikokin Malam Habu ne suke buɗe karatu da shi bayan girbi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya yafe mana abin da muka rage cikin saƙon da aka ba mu.